Taifot da Cikin Fari

A shekarun da aka gama dam ɗin Bakolori aka fara sako ruwa cikin kanal, wato magudanar ban-ruwan gonaki, ina amarya a wani ƙaramin gari kusa da Bakura. Ni 'yar ƙasar Maradun ce. Ƙauyenmu na cikin waɗanda ruwa ya ci, aka tashe su aka mayar kan tudu, saboda haka lokacin da aka kai ni ɗakin miji iyayena ma ba su gama zama a sabon wurinsu ba. Gidan da na shiga gidan mahauta ne. Surukina shi ne babba a rumfar fawa ta garin. Maigidana kuwa bai tsaya ga wuƙa ba, fataucin shanu yake yi. Yakan saya a kasuwanninmu, ya bi su a mota zuwa kudu, wani lokaci ya shafe wata guda ba mu gan shi ba.

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa kallon fuskar surukina ba. Ƙafafunsa na sani, da takalmansa na fata, da gyaran muryar da yake yi a zaure kafin ya shigo. Da na ji wannan gyaran murya sai in faɗa ɗaki. In kuwa tsautsayi ya sa muka yi kaciɓis a tsakar gida, sai in durƙusa in juya fuska wajen bango in gaishe shi, shi kuma ya amsa yana tafiya. Ba ƙiyayya ba ce. Haka aka rene ni, haka shi ma aka rene shi. Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ita ce mai magana a gidan. Gajeruwa ce mai zafin nama, tana dafa kai da ƙafa a wata ƙatuwar tukunya tana sayarwa, bakinta kuma ba ya hutawa tun daga asuba.

Da ciki ya shige ni ban gaya wa kowa ba. Cikin fari ba abin faɗa ba ne a wurinmu. Ana bari ne har ya faɗi kansa, sannan ma mai shi ta yi kamar ba ta san da zamansa ba. Ko maigidana bai ji daga bakina ba. Na koma ɗaura zane sako-sako, ina yafa babban mayafi ko da ana zafi. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne ƙarnin ɗanyen nama, ga shi gidan kullum a cikinsa yake. Idan aka shigo da kawunan da Inna za ta babbake, sai in ce zan zaga, in je bayan ɗaki in yi amai a hankali in rufe da ƙasa. A ganina na iya ɓoyo.

Kafin a tare gulbi, mutanen garin rijiyoyin bakin fadama suke sha. Da aka tare shi fadama ta daina cika, rijiyoyin suka yi ta ja da baya har wasu suka ƙafe. Kanal kuwa ga shi nan a bayan gari, an shafe shi da siminti, ruwa fal ko da rani. Can masu ga-ruwa suka koma. Can ake wanki, can yara ke iyo, can Fulani ke shayar da shanu, can kuma mahauta ke wanke tumbi da hanji. In an kawo mana sai mu zuba a randa mu bari ya kwanta. Idan ya yi garau ya yi sanyi, mu ce ruwa ya yi kyau.

Cikin bazara ciwon ya fara, cikina yana wajen wata biyar, maigidana kuma yana kudu. Da farko ciwon kai ne da kasala. Sai zazzaɓi, amma ba irin na sauro ba mai zuwa ya tafi. Wannan hawa yake yi, da safe ya ɗan sassauta, da yamma ya fi na jiya. Bakina ya yi ɗaci, harshena ya yi fari, ko ƙamshin miya ba na so. Inna ta dafa ganyen dogon yaro ta yi mini sirace, ta aika kemis aka sayo ƙwayoyin zazzaɓi, aka karɓo rubutu wajen liman na sha. Jiki ya ƙi. Daga nan sai cikina ya ɓaci, zawo ya ɓarke, na yi ta zagawa har ƙafafuna suka daina ɗaukata.

Akwai abin da ya fi ciwon damuna. Kafin in kwanta ɗan ya fara motsi, ɗan kaɗan, kamar kifi ya juya cikin ƙwarya. Da zazzaɓin ya tsananta sai na daina ji. Nakan sa hannu ƙarƙashin zane in danna in jira, shiru. Inna tana zaune kusa da ni tana yi mini fifita, maganar ta taso har bakina, sai in haɗiye. Da wane baki zan ce wa uwar mijina abin da ke cikina ya daina motsi? Sai dai in yi ta hawaye, ita kuma ta ɗauka zafin ciwo ne.

Ranar wata Talata surukina ya ce a kai ni asibitin Talata Mafara. Ranar kasuwa ce, ranar da yake sayen dabbobin da zai yanka a mako, amma ya wakilta wani ya tsaya masa. Ya samo a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Inna ta yi ta kiciniyar tayar da ni ta kasa, ga shi babu wani namiji babba a gidan. Ina kwance na ji gyaran muryar nan, ba a zaure ba, a bakin ɗakina. Ya yi sallama ya shigo, ya sunkuya ya ɗauke ni kamar ƙaramar yarinya. Na rufe ido gam. Rigarsa tana warin hayaƙi da kitse. Na ce a raina yau na kai ƙarshen kunya, ashe da saura.

An shimfiɗa mini tabarma a bayan motar. Inna ta ɗora kaina a cinyarta, shi kuma ya zauna can ƙarshe ya ba mu baya. Hanyar ta bi gefen kanal ta cikin gonakin rani, mota sai tsalle take yi a ramuka. Ba mu yi nisa ba cikina ya murɗa, kafin in buɗe baki abin ya zo, ya ɓata zanena da tabarmar. Wari ya tashi. Da za a tambaye ni a lokacin, mutuwa zan zaɓa. Surukina bai juyo ba. Ya buga jikin motar da tafin hannu, direba ya tsaya. Ya sauka ya ja direban da hira suka shiga wata gonar masara, wai yana son ya ga yadda ake ba ta ruwa. Suka daɗe a can, bayansu kawai nake hange. Inna ta ɗebo ruwa ta wanke ni, ta canza mini zane, ta naɗe tabarmar. Da ta gama sai ta yi tari mai ƙarfi, suka dawo.

Asibitin a cike yake. Har a baranda mutane ne kwance, yawancinsu daga garuruwan bakin kanal, ciwon kuma kusan iri ɗaya. Inna ta tafi bakin famfo wanke zanen da na ɓata, layi ya zo kanmu ba ta dawo ba. Dole surukina ya tallabe ni zuwa ɗakin malamin asibiti, ya zaunar da ni a benci, ya tsaya a bayana don kada in faɗi. Malamin saurayi ne, da gani ya gaji. Ya gwada zafin jikina, ya duba harshena da idanuna, ya yi tambaya a kan zawon da ruwan da muke sha, surukina yana amsa abin da ya sani. Ya ce alamun taifot ne, za a ɗebi jini a kwantar da ni. Sannan, bai ko ɗago daga rubutunsa ba, ya ce:

"Kina da ciki?"

Ina jin numfashin surukina a saman kaina. Malamin ya maimaita, ya ce yana tambaya ne saboda maganin da zai rubuta. Na ji shi sarai, na kuma gane abin da yake nufi. Duk da haka sai na girgiza kai. Na rame, ga mayafi na lulluɓa har ƙasa, shi kuma ga jama'a na jiransa a waje. Ya rubuta abin da zai rubuta. Surukina ma maganar ta fi ƙarfin bakinsa.

Aka kai ni ɗakin mata aka ba ni gado, wata ma'aikaciya ta kawo kafso na haɗiya. Abin da ya faru a waje daga baya Inna ta ba ni labari. Ta ce surukina ya same ta a bakin famfo, ya tsaya ɗan nesa yana kallon wani wuri daban, ya daɗe yana jan tasbaha. Can ya ce:

"An tambayi yarinyar ga wata magana, ta ba da amsa. Tahi ki gyara."

Inna ta ce ko wace magana ce ba ta tambaye shi ba. Ta bar zanen cikin kwano ta taho.

Ta shigo tare da wata nas, babbar mace mai Hausa irin ta mutanen kudancin Zariya. Nas ɗin ta ja labule, ta yaye mayafina, ta kwance zanen. Ta dubi cikin, ta dube ni. Na kau da kai. Inna tana tsaye a gefe ta ce da ni a hankali:

"Tun randa kinka fara gudun ƙarnin nama munka sani, ɗiyata. Har surukinki."

Wato duk watannin nan da na yi ina gasa kaina cikin mayafi, kowa a gidan ya sani, taya ni ɓoyo kawai suke yi.

Nas ta tambaye ni yaushe rabon da in ji motsi. Wannan karon babu wurin gudu. Na faɗa, da wata murya da ni kaina ban san ta ba, Inna tana ji. Na ga hannunta ya kama ƙarfen gado. Nas ɗin ta ɗauko wani abu mai kamar mazurari, ta kafa faffaɗan bakin a cikina, ta ɗora kunne a ɗaya gefen. Ta saurara, ta matsar, ta sake saurarawa. Ta ce wa masu hira a ɗakin su yi shiru. Ni dai ina kallon rufi, ina karanta duk abin da na haddace a makarantar allo. Can ta ɗago ta ce zuciyar tana bugawa. Da sauri-sauri, amma tana bugawa.

Sannan ta yi mini faɗa. Ba ta ɗaga murya ba, amma labule ba ya tare magana, kowa ya ji. Ta ce kafson da aka ba ni shi ake ba kowa, yana kuma aiki, sai dai ba shi suke zaɓa wa mai ciki ba in da hali. Akwai wanda ya fi sauƙi ga ɗa, da na faɗi gaskiya da shi za a fara. Tunda yanzu na fara sha, in sha Allahu ba abin da zai yi, amma da an ci gaba da ɗura mini fa ba wanda ya sani? Ta ce kuma in sani ba magani ne babban abin tsoro ba, ciwon ne. Zafin jiki irin wannan shi kaɗai yana iya ɓarar da ciki, ko ya tayar da naƙuda kafin lokaci, ko ɗa ya mutu a ciki. Zawon yana tsotse ruwan da ni da shi muke rayuwa da shi, ciwon kansa kuma yana iya kaiwa gare shi. Matan da ke ƙin magani don tsoron ciki, in ji ta, su suka fi jefa 'ya'yansu cikin haɗari. Tana ɗaura mini zanen ta ce:

"Kunyar wa kike ji, ƙanwata? Tsohon da ya ɗauko ki, ai jikansa yake nema wa rai."

Na ja mayafi na rufe fuska.

Nas ɗin ta je ta yi magana da malamin, aka canza magani zuwa allura, aka sa mini ƙarin ruwa. Aka nuna wa Inna yadda za ta riƙa jiƙa tsumma tana goga mini don zafin ya sauka, da yadda za ta tafasa ruwa ta sa gishiri da sukari ta riƙa ba ni da cokali. Kwanakin da suka biyo baya ba zan iya cewa ga yadda suka wuce ba. Ina tuna tsumma mai sanyi a goshina, da zafin allura, da wani mafarki da na yi ta yi, wai ina tafiya cikin ƙauyenmu a ƙarƙashin ruwa, gidaje na nan yadda suke amma ba kowa. Surukina ba ya shiga ɗakin mata. Kullum yakan biyo motar safe ya zo, ya shimfiɗa buzunsa a inuwar da ke ƙarƙashin tagar ɗakin, Inna ta leƙa ta gaya masa yadda aka kwana, da yamma ya koma.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata mata daga Morai, ta girme ni sosai, ta yi haihuwa da dama. Ita ma taifot ne, ita ma da ciki, nata ya fi nawa tsufa. Ta daɗe a gida ana jiƙe-jiƙe kafin a kawo ta. Ina cikin magagin zazzaɓi naƙuda ta taso mata, ta haifi ɗa namiji ba rai. Ban sani ba sai da na farfaɗo na ga cikinta ya sauka, babu jariri a gefenta. Na yi mata gaisuwa kaina a ƙasa. Ta amsa ta ce haka Allah ya so.

Mace ce mai son raha, ko a cikin wannan hali. Ranar da ta ga na riƙe kofin koko da hannuna, Inna kuma ta fita, sai ta juyo ta ce, "Amarya, kin ko san abin da kinka yi?" Na ce a'a. Ta gyara kwanciya ta fara ba ni labari. Ta ce ranar da zazzaɓin ya fi tsanani, da la'asar, na tashi zaune na fara ƙwala wa maigidana kira. Ba maigida nake cewa ba, sunansa na yanka nake faɗa gatsau, ina maimaitawa. Ina cewa ya zo ya taɓa ya ji, ɗansa ya yi shiru, ya zo ya tashe shi. Na kuma faɗi wasu maganganu irin na tsakanin mace da mijinta, waɗanda ta ce ba za ta maimaita ba don ita ma tana da kunya. Taga a buɗe take, surukina yana zaune a ƙarƙashinta. Ta ce ta ɗaga kai ta leƙa, ta ga ya naɗe buzunsa a hankali ya koma can bakin ƙofar asibiti cikin rana, bai dawo inuwar ba sai da na yi shiru.

Ni da ko wani yaro mai sunan maigidana ba na iya kira, sai dai in yi masa laƙabi. Na ajiye kofin. Da Inna ta dawo na daure na tambaye ta ko gaskiya ne. Ta ce ita ba ta ji komai ba, ta fita alwala a lokacin. Na san ba ta fita ba, don matar Morai ta ce Inna ce ta riƙe ni tana toshe mini baki da gefen zanenta. Daga ranar, da na ji muryarsa ta taga yana tambayar jiki, sai in rufe ido in yi kamar barci nake.

Wata safiya, bayan zazzaɓin ya sauka, ina kwance a gefe ɗaya sai na ji shi. Ɗan shuri kaɗan a ƙasan cibiya, sai kuma wani. Ban san na yi wata ƙara ba sai da matar Morai ta tambaye ni mene ne. Wannan wata kunya ce daban. Ga mace an binne nata, ni kuma zan ce mata nawa ya motsa? Ta dube ni, ta dubi hannuna da ke kan cikin, ta gane. Ta miƙo hannu ta tsakanin gadajen ta ce, "Bari in ji." Na matsa. Tafin hannunta da kaushi, irin na mai noma. Muka jira, ya sake shuri. Ta bar hannun a nan ta daɗe. Sannan ta ce Allah ya raya, ta juya ta fuskanci bango. Ita ce mutum ta farko da ta taɓa cikin nan da yardata.

Saƙo ya iske maigidana ta bakin direbobin motocin shanu, ya iso ana gobe za a sallame ni. Ya tsaya a ƙarshen gado ya yi doguwar gaisuwa da mahaifiyarsa, sannan ya tambaye ni jiki yana kallon ƙasa. Na ce da sauƙi. Inna ta ƙirƙiro wani aike ta fita. Ya ajiye burodi da lemu a gefen matashina. Da zai fita sai ya tsaya ya ce nas ta gaya masa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, na kuwa fahimta.

Kafin mu tafi nas ɗin ta tara mu ni da Inna ta ja mana kunne. In shanye sauran maganin ko da na ji garau, domin ciwon yana iya dawowa. Kada in ƙara shan ruwan da ba a tafasa ba. In wanke hannu da sabulu duk lokacin da na zaga, kuma in dakata da yi wa mutane girki na ɗan lokaci. In riƙa zuwa awo, in kuma na ga jini ko ruwa ko mara ta fara ciwo, kada a tsaya jiƙo, a kawo ni. Ta dube ni ta ce, in an tambaye ni in buɗe baki.

Komawa gida ma da nata nauyin. Gashina ya yi ta zubewa har na daina tsefe shi. Amarya guda a gida, ga ni zaune tsohuwa tana yi mini tuwo, kwanona da kofina a ware. Mata suna zuwa dubiya, kowace ta saci kallon cikin da yanzu ya fito fili a kan ramammen jiki, ta ce Allah ya raba lafiya, ni kuma in rasa inda zan sa kaina. Surukina ya kira masu haƙar rijiya suka yashe tsohuwar rijiyar gidan, suka ƙara mata zurfi har aka sami ruwa. Inna ta ware tukunya guda don tafasa ruwan sha. Maƙwabta suka riƙa tsokanarta wai gidan mahauta ya koma gidan Turawan kamfanin da ya gina dam, shayi ake sha ba ganye. Ta ce su yi ta faɗa.

Bisa al'ada gidanmu ya kamata a mayar da ni in haihu. Amma sabon wurin da aka zaunar da iyayena tsandauri ne, ruwa sai an yi tafiya, ga nisa da asibiti. Ana cikin shawarar yadda za a yi, naƙuda ta zo da kanta, ciki bai cika wata tara ba. Wannan karon da na ji mara ta ɗaure na kira Inna na gaya mata, ko da yake bango nake kallo ina faɗa. Ba mu kai ga neman mota ba. Kafin ungozoma ta gama wanke hannu na haihu.

Mace ce, 'yar mitsitsiya, fatarta ja kamar ba a gama ta ba. Kukanta kamar na ɗan kyanwa. Ba ta da ƙarfin kama nono, sai an tatsa an ɗiga mata. Matan da suka taru suna kallonta suna kallon juna. Ni kuwa na yi abin da aka koya mini, na juya mata baya, don uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari a gaban mutane. Zuciyata tana wajenta, wuyana ya ƙi juyawa. Inna ta ɗauke ta ta zagayo ta gabana ta ce:

"Wagga ba ɗiyar da za a yi wa kara ba ce. Buɗe ƙirjinki ki sa ta, ɗuminki take so."

Na karɓe ta a gaban kowa, fuskata tana zafi. Haka na yi ta fama da ita a ƙirji dare da rana, ana tatsa ana ɗiga mata, har ta fara ja da kanta. Washegarin haihuwar aka kai mu asibiti aka duba ta, aka ce a ci gaba da abin da ake yi, a kiyaye ta da sanyi. Mahaifiyata ta zo daga Maradun ta yi mini wankan jego a nan gidan. Ran suna surukina da kansa ya zaɓi ragon, ya kuma yanka da hannunsa, abin da aka ce ya daɗe da bar wa na ƙasa da shi. Ni da shi ba mu taɓa tayar da maganar asibiti ba har ya bar duniya. Yarinyar ta yi ta laulayi har yaye, daga nan ta miƙe. Yanzu ita ma tana da nata 'ya'yan.

Lokacin da yarinyar take wajen wata huɗu, wata rana da hantsi aka yi sallama. Matar Morai ce. Ta zo biki Bakura, ta yi ta tambayar gidan mahauta har aka nuna mata. Ta yi ƙiba, ta yi kyau, da kyar na gane ta. Ta kawo mini dawon fura a ƙwarya da ɗan sabulu. Bayan an gaisa ta ce a ba ta yarinyar. Ta juya ta, ta duba 'yan yatsunta, ta ce ashe ke ce mai shurin. Sannan ta karɓi zane ta goya ta, ta yi ta zagaya tsakar gida da ita tana hira da Inna a kan tsadar gero da yadda fadamarsu ta lalace. Aka kawo abinci ta ci a tsaye, ba ta sauke ta ba. Yarinyar ta yi barci a bayanta har azahar.

Da ta yi salla ta ce za ta tafi kada mota ta bar ta. Ta kwance goyon a hankali ta miƙo mini. Na raka ta har bakin zaure, iyakar inda nake iya kaiwa. Ta ce in Allah ya kai ni Morai in tambayi gidan da ke kusa da masallacin Juma'a. Ban samu zuwa ba, ita ma ba ta sake biyowa ba.